Kusurwar Shigar Iska da Zafin Fikafikan Tabain: Lacca a Kano

Assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? To madalla. Abu uku zan taɓo.

Na farko, zafi. Iskar da ke fitowa daga ɗakin ƙona mai a injin jirgin sama na zamani tana iya haura digiri 1,500, ƙarfen nikel ɗin fikafikan tabain, wato farfelar cikin injin da iskar mai zafi ke juyawa, kuwa kafin nan ya fara narkewa. Layin farko na fikafikan a kafe yake, ba ya juyawa. Aikinsa ya karkata iskar ya miƙa wa masu juyawa. Shi ke shan wutar farko.

To me ya hana shi narkewa? Ramuka! Ƙananan ramuka a jere a goshin fiffike, iska mai ɗan sanyi daga kwamfiresa, wato sashen injin da ke matse iska, tana fitowa ta lulluɓe ƙarfen. Na biyu, kusurwar shigar iska. Nan fa nake so ku tsaya da ni. Wanda ya taɓa leƙa ƙasan gadar Tamburawa da damina ya ga yadda ruwa ke dukan ginshiƙi, ya tsaya cak a wuri ɗaya kafin ya rabe biyu. Haka iska take yi a goshin fiffike, kuma wajen nan zafi ya fi shiga ƙarfe. Da lissafin wurin nan injiniya ya huda ramukansa. Amma iska ta shigo a karkace, ko da kaɗan ne, sai wurin ya gusa. Ya gusa, jama'a! Iskar sanyin da aka tanada wa bayan fiffike sai ta kwarara ta cikinsa, gefe guda ya zauna ba mayafi. Karkatar ta yi yawa, iska ta saki bayan fiffiken, mai ya ƙone a banza.

Na uku, a gurguje: sababbin ɗakunan ƙona mai suna murɗa iska da gangan don rage hayaƙi mai guba, saboda haka kusurwa a gindin fiffike daban, a ƙoli daban.

Na'am, ɗan'uwa?

"Malam, ƙurar hunturunmu fa?"

Yauwa, Allah ya yi maka albarka! Ƙura idan ta shiga wutar nan laushi take yi ta manne. Ta toshe ramuka, ta sa ƙarfe ya yi kaushi, kaushi kuma ƙara jawo zafi yake. Duk wanda zai kafa injin gas a Kano idan bututun gas daga Ajakuta ya iso, ya fara da matatar iska, kuma kada ya yi mata rowar kuɗi.