Makoto Hasebe: Kyaftin ɗin Japan da Bai Taɓa Raina Gurbi Ba

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka.

Duk wanda ya raba dare a gidan kallo ranar 18 ga Mayun 2022 zai tuna wasan ƙarshe na Kofin Europa da aka buga a birnin Sevilla na ƙasar Sifaniya. Da yawa daga cikinmu Rangers muka mara wa baya, saboda yaranmu biyu, Joe Aribo da Calvin Bassey. A minti na 57 mai tsaron bayan Eintracht Frankfurt, Tuta, ya zame ya faɗi, Aribo ya kutsa ya zura ƙwallo a raga, wuri ya kaure da ihu. Cikin wannan hayaniya ba kowa ya lura da canjin da Frankfurt ta yi ba. An fitar da Tuta, sai ga wani mai shekara 38 ya shigo da riga mai lamba 20, yana nuna wa kowa inda zai tsaya. Daga nan bayan Frankfurt ya natsu. Rafael Borré ya farke a minti na 69, gola Kevin Trapp ya yi aikin a zo a gani, aka tafi bugun fenariti, Frankfurt ta ɗauke kofi da ci 5 da 4.

Mai riga lamba 20 ɗin nan shi ne Makoto Hasebe, kuma a kansa sharhinmu na yau zai tsaya.

An haife shi ranar 18 ga Janairun 1984 a garin Fujieda da ke lardin Shizuoka, yankin da ya yi suna wajen ƙwallon makarantu a Japan. Daga sakandare ya wuce Urawa Red Diamonds a 2002, inda ya ci gasar Japan a 2006 da Kofin Zakarun Asiya a 2007. A Janairun 2008 ya sauka a Wolfsburg ta Jamus, hannun koci Felix Magath, mutumin da 'yan wasa ke shakka saboda tsananin atisaye. Shekara guda da 'yan watanni, ƙungiyar ta lashe Bundesliga karon farko a tarihinta. Sunayen da aka riƙa ambata a 2009 su ne Grafite da Edin Dzeko, masu ragargazar raga. Hasebe kuwa yana bayansu yana ƙwato ƙwallo yana miƙawa. A kakar da ta biyo baya ya yi wasa tare da Obafemi Martins a wannan ƙungiya.

Ɗan wasan tsakiya ne, can ya fi so, can ya taso. Amma a Wolfsburg an sha tura shi baya ta dama, ya je ya yi. A Satumbar 2011, a wasa da Hoffenheim, alƙalin wasa ya ba gola jan kati bayan an ƙare canji. Hasebe ne ya zura safar hannu ya shiga raga. An ci shi ɗaya, an doke su 3 da 1. A farkon kakar 2012 kuma Magath ya ajiye shi makonni ko benci ba ya hawa, kyaftin ɗin ƙasa guda. Ya ci gaba da zuwa atisaye har aka sallami kocin, ya koma fili. Ya tafi Nürnberg a 2013, rauni a gwiwa ya kwantar da shi, ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu. Da wani ne, da tuni ya tattara komatsansa ya koma gida.

Shi kuwa Frankfurt ya nufa a 2014, kuma a nan ne labarin ya ɗauki sabon salo. A 2016 koci Niko Kovac ya dube shi ya ga gudu ya fara raguwa, amma ido da lissafi sai ƙaruwa suke. Sai ya mayar da shi tsakiyar 'yan baya uku. Ku lura, Hasebe ba dogo ba ne idan aka jera shi da ƙartin masu tsaron bayan Jamus. Abin da yake da shi shi ne karanta wasa. Kafin ɗan gaba ya motsa ya riga ya tare hanya, ya karɓe ƙwallo ba tare da ya kwanta ƙasa ba, ya ɗaga kai ya fara kai hari daga can baya. Da wannan tsari suka casa Bayern Munich da ci 3 da 1 a Berlin a 2018, suka ɗauki kofin ƙalubale na Jamus. Sauyin gurbin nan ne, a ganina, ya ƙara masa shekarun da ya kai 40 yana taka leda.

Wasa 384 ya buga a Bundesliga, ƙwallo 7 kacal ya ci. Idan a majalisar mai shayi ake muhawara, inda ba a tambayar komai sai "nawa ya ci?", to an gama da shi. Amma a 2017 ya zarce Yasuhiko Okudera a yawan wasanni tsakanin 'yan Japan, a 2020 kuma ya wuce Cha Bum-kun na Koriya ta Kudu, wanda ya daɗe riƙe da tarihin 'yan Asiya da wasa 308. Babu kocin da zai riƙa sa mutum shekara 16 don kunya ko alfarma.

A tawagar ƙasa, wasa 114 ya yi tsakanin 2006 da 2018. Ana dab da Kofin Duniya na 2010 a Afirka ta Kudu, Japan na ta shan kashi a wasannin share fage, koci Takeshi Okada ya ɗaura masa kambun kyaftin yana ɗan shekara 26. Wasan farko Kamaru ta Samuel Eto'o suka doke da ci 1 da nema a Bloemfontein. A 2011 ya ɗaga Kofin Asiya a Katar bayan sun yi galaba a kan Ostareliya. Kociyoyi suka riƙa sauyawa, daga Zaccheroni zuwa Aguirre, Halilhodzic da Nishino, kambun bai bar hannunsa ba.

Akwai ranar da ba zan ɓoye muku ta yi mini ciwo ba. A Kofin Duniya na 2018 a Rasha, Japan da Senegal sun yi kunnen doki a maki da ƙwallaye, katin gargaɗi ne kawai ya raba su: Japan 4, Senegal 6. A Volgograd, Poland na cin Japan 1 da nema, labari ya zo cewa Kolombiya ta ci Senegal. Sai koci Akira Nishino ya sako Hasebe a mintunan ƙarshe da saƙo: a riƙe ƙwallo, kada a kai hari, kada a karɓi kati. Suka yi ta ba ni in ba ka a bayansu, 'yan kallo na yi musu eho. Haka Senegal ta fita, Afirka ta tashi babu ko ƙasa ɗaya a zagaye na biyu. Ban ji daɗin wannan wasa ba, har gobe. Sai dai da koci ya rasa wanda zai ɗora wa wannan kaya mai nauyi, kyaftin ɗinsa ya kira, shi kuma ya ɗauka.

Kwana huɗu bayan nan, a Rostov, Japan ta ci Beljiyam 2 da nema, aka farke, Nacer Chadli ya ƙara ta uku a daƙiƙun ƙarshe. Bayan wannan wasa Hasebe ya sanar da barin tawagar ƙasa.

A wajen fili ma ya bar abin faɗa. Bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 2011, ya ba asusun UNICEF kuɗin da ya samu daga littafin da ya rubuta, aka sake gina makarantar renon yara a garin Minamisanriku, wanda ruwa ya yi wa kaca-kaca.

Ranar 18 ga Mayun 2024, shekara biyu cif da daren Sevilla, ya buga wasansa na ƙarshe da Leipzig a gaban magoya bayan Frankfurt, aka tashi 2 da 2. Bai yi nisa da fili ba. Ya fara koyon aikin horarwa da matasan Frankfurt 'yan ƙasa da shekara 21, sannan a wannan shekarar koci Hajime Moriyasu ya jawo shi cikin mataimakansa a tawagar Japan.

Masu sauraro, a huta lafiya.