Wata goma sha biyu kacal: yadda ɗan Najeriya zai samu lasisin tuƙi a Birtaniya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga Abuja nake magana, kuma bayanin yau na waɗanda bizarsu ta fito ne, ko suke dakon fitowarta, za su tafi Birtaniya karatu ko aiki. Ana shirya rigunan sanyi, ana ɗaure kilishi da daddawa, amma da wuya ka ji wani ya tambayi makomar lasisin tuƙin da ke cikin aljihunsa.

To ga yadda abin yake. Lasisin Najeriya yana aiki a Ingila da Sikotilan da Wales, amma na wata goma sha biyu ne kawai, kuma lissafin yana farawa ne daga ranar da ka zama mazaunin ƙasar. Ko ba ka taɓa sitiyari ba a wata takwas na farko, kwanakin suna tafiya. Zuwa gida hutun Sallah ba ya sabunta lissafin, haka ma lasisin ƙasa da ƙasa da wasu ke yankowa kafin tafiya ba ya ƙara maka ko yini ɗaya. Akwai ƙasashen da Birtaniya ta yarda a musanya lasisinsu da nata ba tare da jarrabawa ba, irin su Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da Kanada da Japan. Najeriya ba ta cikinsu. Ko shekara ashirin ka yi kana tuƙi, sai ka zauna jarrabawa kamar ɗan shekara goma sha bakwai.

Kafin ka bar gida ma akwai abin dubawa. Ka tabbata lasisinka na gaskiya ne, wanda ka je da ƙafarka aka ɗauki hotonka da zanen yatsunka, yana kuma cikin rajistar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa. Wanda wani ɗan kamasho ya karɓi kuɗinka a gindin bishiya ya kawo maka bayan kwana biyu, kada ka tsallaka da shi. Ka duba ranar ƙarewarsa kuma, domin damar nan ta wata goma sha biyu ta lasisi mai rai ce.

Da ka sauka ka samu adireshi, abu na farko shi ne lasisin koyo. Hukumar DVLA da ke Suwansi ce ke bayar da shi, fam 34 idan ta intanet ka nema. Mutane da yawa suna jinkiri a nan saboda suna tsoron za a tilasta musu liƙa jan harafin L, alamar ɗan koyo, a mota. Ba haka ba ne. Muddin watanninka goma sha biyu ba su cika ba, za ka ci gaba da tuƙi kai kaɗai da lasisinka na gida, na koyon yana ajiye. Ranar da suka cika kuwa ba ka ci jarrabawa ba, ka koma ɗan koyo: sai da harafin L gaba da baya, sai kuma da wani a gefenka wanda ya haura shekara 21, ya kuma riƙe cikakken lasisi na shekara uku. Ka yi tunanin ma'aikaciyar jinya da ke tashi aiki ƙarfe bakwai na safe, ga yara na jiran a kai su makaranta, motar tana ƙofar gida amma doka ta hana ta tayar da ita.

Jarrabawar farko ta kwamfuta ce, fam 23. Tambaya 50 cikin minti 57, ana son ka ci 43. Daga nan sai gajerun bidiyo 14 na hanya, kana danna maɓalli da zarar ka hango abin da zai iya zama haɗari, yaro zai faɗo titi ko mota za ta fito daga lungu. Maki 75 ne, ana neman 44. Dole ka ci ɓangarorin biyu a zama ɗaya. Da Turanci ake yi ko harshen Wales, tun 2014 aka daina yarda da tafinta. Takardar cinta kuma shekara biyu take yi, in ta wuce ba ka gama da ta titi ba sai ka sake daga farko.

Ta titin ita ce gagarabadau. Fam 62 a ranakun aiki, fam 75 da yamma ko ƙarshen mako, kuma samun gurbi kan ɗauki watanni a garuruwa da yawa. Shi ya sa nake ta nanata a fara da wuri. Ana somawa da gwajin ido, ka karanta lambar mota daga nisan mita 20. Sai tambayoyi biyu kan lafiyar mota, sai tuƙi na kusan minti 40, a ciki har da bin na'urar nuna hanya ko allunan titi, da fakin ko ja da baya. Ƙananan kurakurai har 15 ana yafewa. Babban kuskure ɗaya tak ya kayar da kai. Kusan rabin masu shiga faɗuwa suke yi.

Bari in ba ku labarin yayana. Shekara goma sha biyar yana zirga-zirga tsakanin Abuja da Jos, ta Keffi da Akwanga, ya hau Hawan Kibo cikin ruwan sama da hazo ba adadi, bai taɓa goge wa wani fenti ba. Ranar jarrabawarsa a Birtaniya ya kira ni ta bidiyo daga cikin mota, takardar sakamako a hannunsa tana rawa. Na ce, "Yaya, lafiya?" Ya ce, "Ƙanena, na faɗi. Wallahi ban taka kowa ba, ban wuce danja ba." Abin da ya faru shi ne, mai jarrabawa ya sa shi ya tsaya a gefen titi, da zai tashi sai ya leƙa madubi kawai ya cilla hancin mota, bai waiwaya ta kafaɗarsa ba. Akwai mai keke a daidai inda madubi ba ya nunawa, har sai da ya kauce.

Na daɗe ina juya wannan magana. Tuƙin Abuja yana koya wa mutum kaifin ido da saurin yanke shawara, wannan gaskiya ne. Wanda ya saba da cunkoson Nyanya da Mararaba da safe ba ƙaramin direba ba ne. Amma a nan da hancin mota ake neman hanya, a can kuwa ana jira ne har hanya ta zama taka. A shataletalen Berger muna zagayawa ta dama, muna lura da na hagu. A can ta hagu za ka shiga, mai zuwa daga damanka shi ke da hanya, kuma tun kafin ka iso dole ka zaɓi layinka ka kunna sigina. Hon da muke gaisawa da shi, a can na gargaɗi ne kawai, an ma hana danna shi cikin unguwa daga ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na dare zuwa bakwai na safe. Mai tafiya a ƙasa da ya sa ƙafa kan farin zanen tsallakawa, tsayawa za ka yi cak. Gudun kuma da mil ake aunawa: alamar 30 tana nufin kusan kilomita 48, a unguwannin Wales ma tun 2023 an mayar da shi 20.

Tuƙi ta hannun hagu shi mutane suka fi tsoro, alhali shi ne ya fi saurin zama jiki. Iyayenmu ma haka suke tuƙi a ƙasar nan har zuwa Afrilun 1972 da aka koma dama. Abin da ke ɗaukar lokaci shi ne ɗabi'ar da ta riga ta bi jini. Don haka shawarata, ko kai gwani ne, ka biya malamin tuƙi mai rajista ko da na 'yan sa'o'i ne, ya zauna gefenka ya ga abin da kai ba ka gani. Kuɗin yana da zafi idan ka juya shi zuwa naira, na sani. Yayana ya ƙi da farko, yana ganin raini ne. Bayan faɗuwar nan ya ɗauki wata malama dattijuwa, darasi shida suka yi, ya ce rabin lokacin a kan waiwaye da madubi ya ƙare. A karo na biyu ya ci.

Ka kuma yi tunani kan irin motar da za ka shiga jarrabawa da ita. Yawancinmu a Abuja otomatik muke ja. In da ita ka ci, lasisinka na otomatik ne kaɗai, ba ka da izinin jan mai giyar hannu. In da mai giya ka ci, duka biyun sun halatta, sai dai ka tuna da hannun hagu za ka riƙa canza giyar.

Masu sayar da gurbin jarrabawa da tsada a zaurukan WhatsApp, da masu cewa za su samo maka lasisi ba tare da ka zauna ba, ka nisance su. A shafin gwamnati na gov.uk ake yin komai, farashin kuma shi ne wanda na faɗa. Inshora ma ba abin wasa ba ce: tuƙi babu ita tarar fam 300 ne da makin laifi shida, ana kuma iya ɗauke motar. Riƙe waya kana tuƙi, fam 200 da maki shida. Kuma a shekara biyun farko bayan ka ci jarrabawa, maki shida sun isa a soke lasisin gaba ɗaya, ka koma neman na koyo, ka sake ta kwamfuta, ka sake ta titi.

Masu tafiya Ailan ta Arewa, hukumarsu daban ce da farashinta. Masu tafiya Jamus kuwa, wata shida kacal lasisin gida yake yi muku, rabin na Birtaniya.