Darasi: Yadda ramin da bai ba da zinare ba ke nuna inda za a haƙa na gaba

Assalamu alaikum 'yan uwa na Aboabo da Sabon Zango da duk mai kallonmu daga Kumasi. Yau muna bakin rami ne. An haƙa shi mita 300, dutsen da aka ciro ba komai, masu kuɗin har sun fara tattara kaya. Na ce a dakata, ramin nan bai gama magana ba. Za mu zura masa sandar awo, na'urar da ke gano abin da ke cikin dutsen da ke kewaye da ramin.

Winci da kwamfuta kun san haɗa su, ba zan tsaya nan ba. Abu ɗaya dai: na'ura ba ta ganin zinare. Abokan tafiyarsa take gani. A tsofaffin duwatsun da ake kira Birimiyan, irin na Obuwasi, zinare na zama tare da salfaid, wato ma'adinai masu farar wuta a cikinsu, musamman wanda ake kira asenofairait, a wuraren da dutse ya tsage ya murɗe. Su muke farauta.

Salisu, miƙo sandar. A'a, tsaya, na yi gaggawa. Ƙarfen gwaji za mu fara zurawa, wanda ba komai cikinsa. Idan ramin ya rufta, gara shi ya maƙale.

To ga abin da ya taɓa wahalar da ni: sifili. Daga ina kake fara ƙirga zurfi? Mai haƙa ya ƙirga daga wuri ɗaya, kai ka ƙirga daga bakin bututu, kuma idon na'urar ba a saman sandar yake ba, yana can ƙasanta. Auna tazarar da tef, ka rubuta. In ka fito da sandar, duba ko lambar ta dawo sifili. In ba ta dawo ba, waya ta zame a kan taya, sake aikin. Wani kamfani da na yi wa aiki ina sabon shiga, mita biyu kacal muka kuskure, layin awonmu ya ƙi haɗuwa da dutsen da aka ciro daga ramin aka jera cikin akwati. Kwana uku ban yi barcin kirki ba. Kuma ni na fi son ɗaukar karatu ana jawo sandar sama, lokacin waya a miƙe take.

Duba kuma bututun da aka sa a ramin don kada ya rufta: na ƙarfe yana toshe wa na'urar kunne, sai na roba.

Wayar can da muka kewaye fili da ita, za mu tura mata wutar lantarki mu yanke. Duk abin da lantarki ke bi ta cikinsa a ƙarƙashin ƙasa zai amsa, ko da ramin ya wuce shi ta gefe, sandar kuma ta nuna ta wace fuska amsar ta fito. Can za a karkata rami na gaba. Amma hattara da girafait, baƙin dutsen nan mai shafa hannu kamar bakin fensir. Yana amsawa da ƙarfi, kuma shi ma cikin tsagar yake zama. Koma akwatin dutse ka taɓa da hannunka kafin ka ce a kawo injin haƙa. Inda salfaid yake warwatse kamar an barbaɗa gishiri, awon IP, wanda ke duba yadda dutse ke riƙe lantarki na ɗan lokaci, ya fi kama shi, shi kuwa sai da ruwa a ramin.

Masu lasisin haƙar ma'adinai, muna ba da hayar kayan nan har da ma'aikaci, ku bar saƙo a ƙasa. Salisu, ƙarfen ya taɓa gindi? Madalla, jawo shi a hankali.