Suna na jatan lande, ciki kuwa rogo da mai

Jama'a, ku dubi wannan ɗan faifan abincin, abin maƙulashe ne da ake yi da jatan lande. Siriri ne, busasshe ƙayau, haƙori ma da ƙyar yake fasa shi. Bari mu jefa shi a tafasasshen mai. Kun gani? Kafin a ƙirga biyar ya kumbura, ya yi fari tas. Ɗan ruwan da ya rage a cikinsa ne ya koma tururi ya hura shi.

Mutanen Biyetnam suna kiransa bánh phồng tôm, kuma garin Sa Dec da ke yankin kogin Mekong, a kudancin ƙasar, ya yi suna wajen yin sa. Ana niƙa jatan lande, a kwaɓa da sitacin rogo, da gishiri, da sukari, da tafarnuwa, da masoro, a turara, a yayyanka, a shanya.

To, kada sunan ya ruɗe ku. Sitacin ne ya fi yawa, rogon nan dai da muke garin kwaki da shi, kuma sitacin rogo kusan babu sinadarin gina jiki a cikinsa. Jatan landen, musamman a masu araha, ɗan na ƙamshi ne.

Babbar maganar tana wajen suya. Ramukan nan da suka buɗe suna zuƙe mai kamar soso. A kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, giram ɗaya na sitaci 4 ne, na mai kuwa 9. Shi ya sa giram 100 na soyayye yakan kai wajen kalori 500, ga shi ba nauyi a baki, sai ka tashi da faranti guda cikinka bai san an yi ba. Mai ciwon suga ya lura, irin wannan sitacin saurin ɗaga suga gare shi.

Sai gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, don haka mai hawan jini ya karanta bayan leda kafin ya saya.

Wanda kuwa jatan lande ke tayar masa da borin jini ko sarƙewar numfashi, ko gutsure kada ya ɗanɗana, domin suya ba ta kashe abin da ke jawo hakan.

Su can Biyetnam ba cin ƙoshi suke masa ba. Cokali suke mayar da shi, su ɗebi gỏi, wato kwaɗon ɗanyen ganye da ruwan lemon tsami. In kuma man ake gudu, na'urar ɗumama abinci ta maikurowef tana kumbura shi ba ko ɗigon mai.