Myohaung: garin da aka ƙwato da kaya a ka

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Duk wanda ya hau trotro daga 37 zuwa La ya san sunan barikin soja na Burma Camp, amma ku tambayi yaron mota me ya kawo Bama cikin Accra, ku ga ko zai amsa. A Takoradi kuma akwai barikin Myohaung, sunan da harshe ke tuntuɓe kafin ya furta. Sunan gari ne a yankin Arakan na ƙasar Bama, tsohuwar fadar sarakuna mai cike da ɗakunan ibadar mabiya Buda, wanda yau ake kira Mrauk-U. Kakanninmu ne suka ƙwato shi.

A 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Japan ta mamaye Bama, ta fatattaki Turawan Ingila har iyakar Indiya. Da Ingila ta tashi ramuwa, sai ta waiwayo nan. Aka kwashi samari daga Gold Coast, Najeriya, Saliyo da Gambiya, aka kafa runduna ta 81 da ta 82. Da yawansu Hausa suke ji, domin ita ce harshen bariki.

Zuwan farko bai yi daɗi ba. A farkon 1944 runduna ta 81 ta gangara kwarin kogin Kaladan har Kyauktaw, Japanawa suka zagayo ta gefe, dole aka ja da baya. Bayan damina aka sake komawa, ita kuma ta 82 ta kama Buthidaung a Disamba, ta keto duwatsu. A Janairun 1945 suka haɗu a kan Myohaung, Japanawa suka janye.

To, ga inda nake so ku saurara da kyau. Dajin nan babu hanyar mota. Abinci da harsashi daga jirgin sama ake jefowa da laima, sauran aikin kuma na 'yan dako ne: sojoji ne cikin kaki, galibinsu ba bindiga, sai adda. Su ke ɗaukar akwatin harsashi, da sassan igwa, da wanda aka harba, a hau tudu a sauka cikin laka, matsattsaku na shan jininsu, zazzaɓi na jira da dare. Ba banza ba tambarin runduna ta 82 ya zama māsu biyu a gicciye kan gammo. Gammon nan dai da 'yan kayayo ke naɗawa a kasuwar Mamobi. Ta 81 kuwa gizo ta liƙa a kafaɗa, Ananse na Asantawa, wanda mu ma muka san wayonsa tun a tatsuniya. A ganina, idan za a yi faretin tunawa, mai gammo ya kamata ya shige gaba, mai tauraro ya biyo.

Da mazan jiya suka dawo gida, alkawarin aiki da fansho ya zama gafara sa, ba a ga ƙaho ba. Ranar 28 ga Fabrairun 1948 suka nufi fadar gwamna a Osu da takardar koke, ba makami. A mararrabar Christiansborg wani Baturen ɗan sanda, Imray, ya buɗe wuta. Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Odartey Lamptey suka faɗi nan take, shekara uku da wata guda bayan Myohaung.