Darasi: Abin da Ke Ƙarƙashin Yadin Tsohon Jirgin Alkafura

Assalamu alaikum masu kallonmu, barkanku da wannan lokaci. Darasinmu na yau a kan tsofaffin jiragen sama ne na wasan alkafura, waɗanda aka ƙera don su kifa, su mirgina, su yi tafiya a rigingine, su kuma sauko lafiya. Idan mutum ya mallaki irinsu, wane aiki ke jiransa?

Wannan da ke bayana Pitts Special ne, samfurin S-2A mai kujera biyu, injinsa Lycoming mai ƙarfin doki 200. Wani Ba'amurke, Curtis Pitts, ya fara tsara jirgin a tsakiyar shekarun 1940, kuma da irinsa Charlie Hillard ya ci gasar alkafura ta duniya a Faransa a 1972. Yana da 'yan uwa da yawa. Akwai Tiger Moth na Ingila da ya fara tashi a 1931, da Stampe na Beljiyam, da Jungmann da Jungmeister na Jamus, da Zlin na tsohuwar Cekoslobakiya wanda ya lashe gasar duniya ta farko a birnin Bratislava a 1960. Autansu Yak-52, wanda Tarayyar Sobiyet ta tsara aka riƙa ƙera shi a Romaniya. In ka cire Yak ɗin da jikinsa yawanci alminiyam ne, tsofaffin cikinsu katako ne da bututun ƙarfe da yadi.

Mai sayen jirgi yakan fara da tambayar awa nawa ya yi a sama. A jirgin alkafura wannan tambaya ba ta isa ba. A dokar Amurka, ƙaramin jirgi na tafiye-tafiye ana ƙera shi ya jure ninkin nauyinsa sau 3.8. Na alkafura dole ya jure sau 6 idan nauyin ya danna ƙasa, sau 3 idan ya juya sama. Wannan ninkin shi ake kira G. Matuƙi mai kilo 80, a G shida kujerarsa kilo 480 take ɗauke da shi, kuma haka kowane noti da kowace walda ke shan nata rabon. Ɗauki waya ka lanƙwasa ta ka miƙe, ka sake, ka sake. Ba ta karyewa a karon farko, amma tana ƙirgawa. Ƙarfen jirgi ma yana ƙirgawa. Don haka awa ɗaya ta alkafura mai tsanani ta fi awa ɗaya ta tafiya miƙe cin jikin jirgi nesa ba kusa ba.

Mai kyamara, ɗan leƙa mana cikin nan. Kun ga wannan agogon mai allura uku? Ɗaya tana nuna G na yanzu, sauran biyun suna tsayawa a kan mafi tsananin da aka kai, sama da ƙasa, har sai an danna maɓalli an mayar da su. Idan kun sauka kun ga allura ta wuce jan layi, jirgin ba ya sake tashi sai injiniya ya duba shi. Mai danna maɓallin ya yi shiru, wanda zai hau bayansa ya cuta.

A watan Disamba na 2013 wani Tiger Moth ya faɗa teku a gaɓar Queensland ta Ostireliya, mutum biyu suka rasu. Yana cikin alkafura fikafikansa na hagu suka ɓalle. Masu bincike suka gano cewa sanduna biyu na ƙarfe da suka ratsa ƙasan gangar jirgin, masu riƙe da fikafikan ƙasa, sun daɗe da tsagewa a wurin zaren noti. Wa'adin irin waɗannan sanduna awa 2,000 ne ko shekara 18, kuma waɗannan ba su kai ba. Daga waje babu abin da ido zai gani.

To mu zo kan yadi. Saurari wannan ƙarar da nake ƙwanƙwasawa. Yadi ne, an ɗinke shi a jikin haƙarƙarin fiffike da zare, ƙulli bayan ƙulli, don kada iska ta ɗaga shi. A da auduga ake sawa. Sabuwar auduga mai daraja ta ɗaya tana jure jan nauyin fam 80 a kowane inci, idan ta sauko ƙasa da 56 an gama da ita. Jirgin da ke kwana a waje, 'yan shekaru kaɗan audugar ke yi ta ruɓe. Yanzu kusan kowa ya koma yadin roba, irin su Ceconite da Poly-Fiber. Ana manna shi a sake, sannan a bi shi da dutsen guga da aka auna zafinsa, ya tsuke ya yi tauri. Babban maƙiyinsa hasken rana, shi ya sa ake shafa masa fenti mai garin alminiyam kafin a sa launi. Ga gwaji mai sauƙi: fito da jirgin rana, buɗe ƙofar dubawa, leƙa ciki. Idan haske yana ratsowa, wannan shafin bai isa ba.

Yadin roba yana iya shekara 20, har 30, a rumfa. Kowa na murna da haka, ni kuwa nan ne hankalina ba ya kwanciya. Lokacin auduga, dole ce ke sa a tuɓe jirgi tsirara duk bayan 'yan shekaru, kuma duk wanda ya tuɓe shi zai ga tsatsa, ya ga katakon da ya jiƙe. Yanzu yadi yana nan yana ƙyalli, abin da ke ƙarƙashinsa kuwa rabonsa da idon mutum tun kafin a haifi wasu daga cikin masu kallonmu. Idan mai sayarwa ya ce maka yadin garau yake, tambaye shi shekarar da aka sa shi, kuma ya nuna maka hotunan ƙashin jirgin kafin a rufe. Mai aikin kirki yana ajiye su.

Zagayo nan wutsiya. Irin waɗannan jirage ƙaramar tayarsu a baya take, don haka a tsaye wutsiya ce ƙasa. Duk ruwan da ya shiga, duk raɓar da ta taru, nan take gangarowa. Bututun ƙarfen da ke ƙasa daga ciki yake fara tsatsa, wajensa kuma fenti lafiya lau. Injiniya yakan bi shi da tsinken ƙarfe mai kaifi yana dannawa, inci bayan inci. In ya lotsa, sai a yanke a yi walda da sabo. Masu ƙira na da sukan zuba man linsid mai ɗumi cikin bututun su toshe, don ya shafe cikin. Waɗannan ƙananan hudojin da ke ƙarƙashin fiffike da wutsiya na fitar ruwa ne. Fenti yana toshe su, zanzaro ma yana gini a ciki. Tsinke kawai suke buƙata, amma a riƙa yi.

Katakon kuma fa? Ƙashin bayan fiffiken nan itacen sifurus ne, irin na gaɓar yammacin Arewacin Amurka, mara nauyi mai ƙarfi. Katako ba ya gajiya irin ta ƙarfe, wannan alherinsa ne. Cutarsa biyu: danshi da matsewa. Ta biyun ita ce mai wuyar gani. Jirgi mai tayar baya yakan kufce wa matuƙi wajen sauka ya juya da ƙarfi, bakin fiffike ya taɓa ƙasa. A duba a ga ɗan fenti ne ya goge, a shafa wani. Amma a ciki zaren katakon ya murƙushe, ya bar wani siririn layi da ya gitta shi, bai fi kaurin gashi ba. In ka haska tocila kai tsaye ba za ka gan shi ba. Sai ka kwantar da hasken a gefe, ya bi fuskar katakon, ka sa madubi da gilashin ƙara girma, sannan layin ya fito. Ƙashin da ke da wannan layi ya riga ya karye, ranar rabuwa kawai yake jira. Saboda irin wannan ne a shekarar 2000 hukumar jiragen sama ta Amurka ta wajabta duba ƙashin katako na jiragen Citabria da Decathlon da danginsu.

Sai gam. Jiragen 1930 da 1940 da yawa da gam ɗin da ake yi daga madara aka haɗa su, wanda danshi ke ruɓar da shi. Wani nau'in da ya biyo baya kuma zafi ke sa shi ya bushe ya yi ta marmashewa. Buɗe ƙofar dubawa ka sa hanci tukuna. Warin ruma ko tsami ba alamar alheri ba ce. Sannan ka gwada cusa siririn ƙarfen auna tazara a bakin haɗin. Bai kamata ya shiga ba.

Waɗannan wayoyin da suka gitta tsakanin fiffiken sama da na ƙasa ba ado ba ne, su ke ɗauke da jirgin a sama. Shafa su da yatsa. Ɗan ƙwarzane da tsakuwa ta yi, daga nan tsaga ke farawa. Taurinsu kuma da ma'auni ake saita shi, ba da jin hannu ba.

Mu koma gaba wurin inji. Injin mota ko na jirgin tafiya, baƙin mai yana kwance a ƙasa famfo na zuƙa. Kifa shi, famfo ya zuƙi iska. Shi ya sa aka sa wa wannan tsarin Christen: wani bawul mai ƙwallayen ƙarfe biyu a ciki, idan jirgi ya kifa sai su gangara su buɗe wata hanya, famfo ya ci gaba da samun mai daga sama. Datti yana maƙale ƙwallayen. Don haka duk ranar da za ka yi wasa, kifawar farko idonka na kan agogon mai. Allura za ta ɗan faɗi ta dawo nan take. In ba ta dawo ba, mirgino ka koma gida. A tankin fetur kuma akwai tiyo mai laushi da nauyi a bakinsa, yana bin man duk inda ya kwanta. Da tsufa yake ƙandarewa ya daina bi. Tiger Moth ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, in ka daɗe a kife injin ɗauke wuta zai yi.

Abin da ya fi kashe injin Lycoming zama ne, ba aiki ba. Kamshaf ɗinsa, wato sandar da ke buɗe bawuloli, a sama yake, mai ya tsiyaye ya bar shi, danshi ya kama shi da tsatsa. Tayar da inji a ƙasa na minti goma ƙara ɓarna yake, don man ba ya zafin da zai kori ruwan. A tashi da shi, mai ya kai wajen digiri 80 na ma'aunin Salsiyas, a yi kamar awa guda. Kamfanin ya ce a canza mai duk awa 50 in akwai filta, awa 25 in raga ce kawai, ko duk wata 4 ko da ba a tashi ba. Kuma inji in ya shekara 12 lokacin buɗe shi ya yi, komai ƙarancin awanninsa.

Farfela mai nauyi tana wahalar da bakin karanshaf, wato sandar injin da ke juya ta, a juyi mai fizga, shi ya sa masu wasa da yawa suka fi son ta katako ko ta haɗin zamani. Ta katako kuma tana kumbura da danshi, ta tsuke in iska ta bushe, notinta su saki. A riƙa auna su duk sauyin yanayi.

Masu Yak-52, naku daban ne. Injin M-14P silinda 9 ne a zagaye, doki 360. In ya kwana, mai yana tsiyaya cikin silindojin ƙasa. Mai ba ya matsuwa. Ka tayar a haka, fistin ya daki mai, sandar da ke tura shi ta lanƙwashe, wataƙila ba za ta karye ranar ba sai kana sama. Kafin tayarwa, tabbatar wuta a kashe take, ka juya farfela da hannu ta inda take juyawa. In ta cije, kada ka tilasta, kada kuma ka mayar da ita baya, don man zai koma bututun shiga ne ya ɓuya ya dawo. Kwance filogin ƙasa ya zube. Sannan jirgin nan da iska yake komai: tayarwa, birki, naɗe tayoyi. Iskar da aka matse tana tara ruwa, a zubar da shi bayan kowane tashi, in ba haka ba tulunan su yi tsatsa daga ciki.

Takardu ba zan daɗe a kansu ba, kowace ƙasa da dokarta. A Amurka ana duba jirgi duk shekara, ba a alkafura ƙasa da ƙafa 1,500, in ka ɗauki fasinja kowa sai ya goya laimar dirowa, ita kuma ana sake naɗe ta duk kwana 180. Kundin jirgin ka karanta shi tun daga shafin farko, ka lura da shekarun da babu rubutu. Injiniyan da zai duba maka kafin saye ya zama wanda ya san wannan samfurin, kuma ba na mai sayarwa ba.

Saura abu ɗaya. A farkon 2003 wani Yak-52 ya faɗi a Ingila, mutum biyu suka mutu. Inji lafiya, fiffike lafiya. Ɗan sukurudireba ne ya gangara wutsiya ya cije abin da ke ɗaga kan jirgi. A jirgin da ke kifewa, duk abin da ba a ɗaure ba sai ya yi yawo, kuma wutsiya yake ƙarewa, inda wayoyin tuƙi suke. Kafin ka hau, zazzage aljihunka kaf: makulli, biro, kwabbai, wayar hannu. Fasinja ma haka, kada ka ji nauyinsa. Bayan kowane gyara a ƙirga kayan aiki, sifana goma ta fito, goma za ta koma akwati. Sannan ka durƙusa nan, kamar yadda nake yi, ka bubbuga cikin jirgin da tafin hannu daga tsakiya har wutsiya, kunnenka a kusa. In wani abu ya yi tsalle a ciki za ka ji, kuma ba a tashi sai an fito da shi.

A darasi na gaba za mu kwance bawul ɗin Christen mu wanke shi tare. Sai mun haɗu, a huta lafiya.