Me ya sa saniya ke jinkirin ɗaukar ciki bayan haihuwa?

Jama'a, barkanmu da warhaka. Na baya kuna ji na? To, madalla. Abubuwa huɗu zan faɗa.

Na farko lissafi ne. Cikin saniya kwana 283 ne ko kusa da haka. A cire su daga 365, saura 82. Duk mai son maraƙi kowace shekara, a cikin kwanakin nan 82 za ta sake ɗaukar ciki, alhali mahaifa kanta sai ta yi wata guda zuwa kwana 45 kafin ta koma yadda take.

Na biyu, nan fa ku ba ni aron kunnuwanku. Da ta haihu nono yake hawa, ya kai ƙololuwa tsakanin mako na 4 da na 8, amma cin abincinta ba ya kankama sai bayan haka. Abin da ke fita ya fi abin da ke shiga. Da me za ta cike giɓin? Da jikinta. Kitsenta take narkarwa ta zuba a hantsa. Ƙwaƙwalwa kuma tana sane. A ƙasanta akwai wurin da ke sakin sinadarin homon mai suna GnRH, shi ne ke sa a saki wani, LH. Shi LH ba kwarara yake yi ba, bugu-bugu yake zuwa, kuma sai bugun ya yawaita ƙwai ke nuna ya fita. In saniya tana ramewa, sinadaran da ke sanar da ƙwaƙwalwa halin jiki suna raguwa: insulin ya ragu a jini, IGF-1 da hanta ke yi ya ragu, leptin da ke fitowa daga kitse shi ma ya ragu, sai bugun ya yi nisa da juna. Kamar uwargida ce da ta ga rumbu ya yi ƙasa, ba za ta gayyato sabon baƙo ba sai na ɗaki ya ƙoshi.

Abin da ke ci min rai, sai ka ji an ce juya ce, a sayar. Ba juya ba ce, yunwa ce! Ina maimaitawa, yunwa ce. Ku sa hannu a haƙarƙarinta da gindin wutsiya, ido yana ruɗi saboda gashi. A ma'aunin jiki na 1 zuwa 5, wato daga ramammiya zuwa mai ƙiba sosai, ana son ta haihu tana wajen 3. Wancan bawan Allah na ga yana murmushi, kada ka je ka ɗura mata har ta kasa tashi. Mai ƙiba fiye da kima ba ta cin abinci sosai bayan haihuwa, kitse ya taru a hanta, a koma gidan jiya. Karsana mai haihuwar fari ta fi kowa wahala, don tana shayarwa tana kuma girma.

Na huɗu, ai na ukun ya shige cikin na biyu, tsotso. Tsotson maraƙi yana danne LH, shi ya sa wasu ke raba su na awa 48. Tumaki da awaki ma haka ne, musamman masu tagwaye. Ma'adinai kuwa…

(Wani daga cikin mahalarta: Malam, ba za a yi mata allurar homon a huta ba?)

Yauwa, na gode da tambayar nan. Allura tana da wurinta, a hannun likitan dabbobi. Amma ɗauki prostaglandin, ɗaya daga cikin alluran homon ɗin: tana aiki ne a jikin saniyar da ta riga ta saki ƙwai. Wadda yunwa ta tsayar, ka yi mata, kuɗinka ne ya tafi. Kuma kafin ka kira likita ka tabbata ba kai ne ba ka gani ba, domin sakin ƙwai na farko bayan haihuwa sau da yawa ba ya nuna alama. Ka riƙa duba ta safe da yamma, in ka ga ta tsaya wata ta hau ta, alamar tana neman bijimi ke nan, rubuta ranar, ka ƙirga kwana 21, lokacin da za ta sake nema in ba ta ɗauki ciki ba. An ce lokaci ya cika, ma'adinan sai zama na gaba.